Daga Kibiya Zuwa Cikin Gajimare

Tun ranar da na dawo ban zauna a majalisa na sha shayi cikin kwanciyar hankali ba. Ko a Kibiya ko a Rano, da na ɗaga kofi sai wani ya ce, "To Direban Sama, ba mu labarin ƙasar Turawan nan." Na ba da labarin har bakina ya gaji, kuma na lura duk wanda ya ji sai ya ƙara masa nasa gishirin kafin ya kai gaba. Ranar kasuwa wani dattijo daga Zurgu ya tare ni yana yi min barka, wai ya ji an ɗaure min ido da baƙin ƙyalle an sa na sauke jirgi a tsakiyar teku. Shi ya sa na ga gara in rubuta abin yadda ya faru, wanda ya tambaya in miƙa masa, in sha shayina da zafinsa.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Auwalu, ɗan Malam mai makarantar allo a Kibiya. Aikina tuƙin ƙaramin jirgin feshi. Idan tsuntsayen jan-baki suka sauka a gonakin gero da shinkafa, mu ake kira. Na yi shekara da shekaru ina wannan aiki, kuma da ido nake yin sa. Ina ganin duwatsun Rano na san inda nake, ina hango ruwan Tiga na san inda zan juya. In hadari ya haɗo, sai in sauka in jira. Ana nan sai kamfaninmu ya samu aikin ɗaukar kaya da marasa lafiya, aikin da ba ya jiran gari ya washe. Aka tara mu aka ce duk matuƙin da ba shi da shaidar tuƙi da na'ura, wato ya iya tashi ya sauka a cikin gajimare ba tare da ya ga ƙasa ba, to zamansa ya ƙare. Suka ce za su tura ni Afirka ta Kudu in koya in ci jarrabawa, amma sau ɗaya tak. A lokacin na haura arba'in, ga iyali.

Na so in fice a ɓoye, amma a Kibiya ba a ɓoye tafiya. Inna, wadda har yau ba ta kama sunana saboda ni ne ɗan fari, ta cika min jaka da garin kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji, matata ta ɗora kilishi a kai. Malam, wanda sunan malaminsa ya sa min, ya yi addu'a mai tsawo, ya ce, "Mai Sunan Malam, duk inda ka je ka girmama na gaba da kai." Na ce to. Jama'a suka rako ni tasha kamar mai tafiya Makka, har da masu cewa in na dawo in zo da jirgin in sauka a filin makaranta. Lokacin an fara raba maza da mata a motocin haya, saboda haka muka cushe mu biyar a kujerar maza, a baya kuma tsohuwa ɗaya da kajinta suna shan iska. Ina kallon masu ɗaga min hannu ina tunanin da wace fuska zan dawo musu in na faɗi.

Daga Kano na bi jirgi zuwa Legas, daga Legas sai Johannesburg. A can na fara gamuwa da gamona. Ina tsaye ina jiran kaya sai ga wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa, sanye da riga kamar ma'aikaci, ya zo ya shinshina jakata ya zauna a gindinta. Na ja da baya don kada ya taɓa min tufafi, shi kuwa ko a jikinsa. Matar da ke riƙe da shi ta ce in biyo ta. Aka zazzage jakar a kan tebur. Kilishi dai ko shawara ba a yi ba, aka jefa shi a kwandon shara ina ji ina gani. Da aka zo kan garin kuka sai fuskarta ta canza. Kore ne, ga shi a ƙulle cikin leda. Ta kira wani babbansu. Na yi ta bayani cewa ganyen bishiya ne, miya ake yi da shi, amma sunan kuka da Turanci ya ɓace min fat. Da na rasa yadda zan yi sai na karɓi biro na zana musu itaciyar, da ƙaton gindinta da rassanta kamar saiwa. Mutumin ya fashe da dariya, ya ce ai a garinsu can arewa akwai ta, kakarsa ma tana dafa ganyen. Ya mayar min. Sai ya kwance ƙullin daddawa ya kai hanci. Ya ɗaure da sauri ya tura min, ya yi min nuni da ƙofa.

Makarantar tana wani ƙaramin gari a bakin teku, tafiya mai nisa a babbar bas. Na sayi tikiti, na leƙa na ga motar ko rabi ba ta yi ba, sai na ce ai da sauran lokaci, bari in nemi wuri in yi salla. Ina sallamewa na hango ta tana fita daga tasha da kujerunta babu kowa. Na kwashi jaka na bi ta da gudu ina ihu. Allah ya sa danja ta tsayar da ita. Direban ya buɗe min yana nuna agogon hannunsa. Na ce masa a garinmu mota ba ta tashi sai ta cika. Ya ce, "To in ba ta cika ba fa?" Na ce sai a jira gobe. Ya ɗauka wasa nake yi.

Na baro Kano ana zafin bazara, na tarar da su cikin hunturu. Sanyi ne mai haɗe da ruwa da iska, irin wanda ke shiga ƙashi. Shaddar da na sa don in isa da kwarjini ba ta tsinana min komai ba.

An sama min masauki a gidan wasu Musulmi, wata dattijuwa Anti Sharifa da mijinta Yusuf. Kakanninsu daga gabashin duniya aka kawo su tun zamanin da. Da na tambayi yadda zan riƙa kiran maigidan, sai ta ce a al'adarsu babban mutum ana ce masa Buta, wato yaya. Na ce me? Ta ce, "Buta Yusuf." Na yi iya ƙoƙarina bakina ya ƙi. Yaya zan dubi dattijo mai furfura in ce masa buta? Na riƙa ce masa Alhaji. Da ya matsa min na faɗa masa abin da kalmar ke nufi a Hausa, ya yi dariya har da tari, kuma daga ranar in zai yi alwala sai ya ce wa matarsa ta miƙo masa takwaransa.

Mutanen kirki ne ƙwarai, amma abincinsu ya ba ni wuya. Nama da sukari suke dafawa, har da busassun 'ya'yan itace a ciki. Suna da wani tuwon masara fari mai kyau, sai dai babu miyar da za ta ja shi. Da na ga ina ramewa sai na roƙi Anti ta ba ni aron murhu ran Lahadi. Na kaɗa miyar kuka, na jefa daddawa. Kafin ta tafasa an buɗe duk tagogin gidan cikin wannan sanyi, kyanwarsu ma ta fice. Anti ta ɗanɗana don kara, ta ce da daɗi, ta sha ruwa kofi biyu. Alhaji Yusuf kuwa ya cinye kwano ya nemi ƙari, har ya zama duk Lahadi shi yake tuna min.

A makaranta aka haɗa ni da malamata, wata matashiya mai suna Tandi. Da wuya in ta kai ƙanwata ta uku a shekaru. Ranar farko ta miƙo min wata hular roba mai dogon baki, wadda in ka sa ba ka ganin komai sai agogunan da ke gabanka. Ni na sa mata suna hular makanta. Muka tashi, na sa hula, ta ce in miƙe sosai kada in karkata. Na ce a raina wannan ai wasan yara ne. Ba a jima ba ta ce, "Kyaftin, ina za mu?" Na ce gaba. Ta ce in ɗaga hular. Na ɗaga na ga teku a tagar hagu, jirgi ya kwanta a gefe yana gangarawa, ni kuwa jikina yana rantse min cewa a miƙe muke.

Ta ce, "Jikinka ƙarya yake yi maka. Na kowa ma haka yake. In ido bai ga ƙasa ba, kunne sai ya ƙirƙiro nasa labarin. Agogo za ka bi."

Wannan shi ne karatun gaba ɗaya, amma faɗarsa ta fi yin sa sauƙi. Akwai agogon da ke nuna karkata, da na tsayi, da na gudu, da kamfas, da allurar da ke nuna hanyar filin sauka, kuma ba a yarda ido ya zauna a kan ɗaya ba. Da ka tsaya gyara wannan sai wancan ya gudu, kamar mai kiwon awaki a bakin gonar mutane. Ga kuma rediyo. Ni a dajin da nake feshi ba ni da abokin magana sai tsuntsaye. A nan kuwa mutumin hasumiya, mai ba jirage umarnin tashi da sauka, yana zubo Turanci kamar ana zazzage tsakuwa a kwano, kuma dole ka maimaita masa abin da ya ce daidai. Ranar farko na gaishe shi, na tambaye shi aiki da sanyi. Tandi ta rufe fuska da taswira tana dariya, ta ce jirage huɗu na jira in gama gaisuwa.

A hankali abin ya fara zama. Da safe mu tashi, da rana in shiga wani akwati mai kama da cikin jirgi in yi ta gwaji a ƙasa, da yamma Anti ta riƙe littafi tana yi min tambayoyin da ita kanta ba ta san ma'anarsu ba. In na amsa sai ta ce, "Ban sani ba ko daidai ne, amma ka faɗa da ƙarfin zuciya."

Mai jarrabawar sunansa Kyaftin Hendirik. Tsoho ne dogo, mai farin gemu, ba ya son yawan magana. Ɗalibai suna tsoronsa kamar me. Ni kuwa da na gan shi sai ya tuna min da manyan malaman da ke zuwa wurin mahaifina, na ji girmansa ya kama ni. Duk sanda ya shigo sai in miƙe, in ya miƙo hannu in karɓa da hannu biyu. Al'adarsa ce kafin ya jarraba mutum ya zauna da shi, sannan su tashi sau ɗaya na gwaji, don ɗalibi ya san inda yake da rauni tun da sauran lokaci.

A zaman ya yi min tambayoyi kan yanayi da man jirgi da abin da zan yi in rediyo ya mutu. Na amsa, ya gyaɗa kai. Ya daɗe a kan abu ɗaya, wato iyakar sauka. Kowane fili yana da tsayin da in ka gangaro ka kai shi ba ka ga titin sauka ba, to ba ka da izinin ƙara ko taku ɗaya. Sai ka ba jirgi wuta ka koma sama. Ya tambaye ni ko na gane, na ce na gane.

Muka tashi. Komai ya tafi lafiya, har na fara jin daɗin kaina. Na kamo allura, na gangaro da hula a kaina, na kai iyaka. Hannuna yana kan wuta zan tura sai ya ce cikin taushin murya, "Ƙara sauka kaɗan, ɗana. Na san filin nan tun ba a haife ka ba, yanzu za ka gan shi."

Na san dokar, ban manta ba. Amma dattijo ya yi magana, kuma shi ne mai jarrabawa. Bakina ya ce to, hannuna ya bi.

Ya ce, "Na karɓi jirgi." Ya mayar da mu sama, ya zagayo ya sauka, muka zauna a ofishinsa ya zuba min shayi.

Ya ce, "Hannunka yana da kyau, ya fi na yawancin yaran nan. Amma da yau ce jarrabawa ka faɗi. Me ya sa ka sauka?"

Na ce, "Kai ka ce, ranka ya daɗe."

Ya ce, "Ni wane ne? Gobe wani babban mutum zai zauna a bayanka yana sauri, ko wani tsohon kyaftin a gefenka wanda ya gaji. Za su ce ka sauka. Dutse bai san girman kowa ba. Na halarci jana'izar matuƙa masu ladabi da yawa." Ya kurɓi shayi ya ce, "Ka je ka koyi ce min a'a. In ba ka iya ba kada ka zo."

Na fita jiki a sanyaye. Karatun agogo na iya shi da naci, amma wannan fa? Ni da ko sunan mahaifina ban taɓa kamawa ba, ban taɓa zama a kujera yana tabarma ba. Tandi ta yi ƙoƙari, ta riƙa ba ni umarnin banza da gangan ina ƙi, amma ita yarinya ce, ƙin maganarta ba wuya. Alhaji Yusuf ya ce in gwada a kansa. Ya ce in ƙara cin naman sukari, na buɗe baki zan ce a'a, sai na ji na ce, "To, kaɗan."

Ran Juma'a na kira gida. Malam ba ya riƙe waya, sai ƙanena ya kai masa tasa, kuma sai sun hau tudun bayan gari kafin a samu sabis. Malam yana ɗaga murya iyakar ƙarfinsa, don a ganinsa nisan ƙasar ya isa a yi haka. Bayan gaisuwa na faɗa masa abin da ya faru, ina jin kunya, don shi ya ce in girmama na gaba. 

Sai ya ce, "Mai Sunan Malam, ashe karatun da na yi maka bai shiga ba? In liman ya tashi zai ƙara raka'a ta biyar, kai kana bayansa, me za ka yi?"

Na ce, "Sai in ce Subhanallah."

"In ya ƙi zama fa? Ka bi shi?"

"A'a, Malam. Sai in zauna in jira shi."

"To ka raina liman ke nan?"

"A'a."

Ya ce, "To ai shi ke nan. Wanda ya ga liman ya yi mantuwa ya yi shiru, ba ladabi ya yi ba, cutar jama'a ya yi. Ka gaishe da tsohon, ka ce na ce yana da gaskiya." Daga nan ya koma tambayata ko da gaske ne ana ruwa a can cikin hunturu.

Ranar jarrabawa gari ya tashi da gajimare mai kauri, ya rufe duwatsun da ke bayan garin ruf. Anti ta sa min ƙosai irin nasu mai zaƙi a leda, Alhaji Yusuf ya kai ni a motarsa yana ta addu'a. Kyaftin Hendirik ya dubi sama ya ce yau ba ma buƙatar hula sosai, Allah ya kawo tasa. Muka gama tambayoyin baki, muka tashi. Ba a jima ba muka shige cikin farin gajimare, ko bakin fiffike ba na gani. Ya sa ni kewayen da jirgi ke yi in yana jiran izinin sauka, na yi. Ya rufe agogo ɗaya da takarda ya ce ya lalace, na ci gaba da sauran. 

Da muka juyo gida, mutumin hasumiya ya ce in sauko zuwa ƙafa dubu huɗu da ɗari biyar in tsaya a nan. Na maimaita masa, na fara gangarowa. Da na kai sai na daidaita jirgi. Kyaftin Hendirik, yana duba wata takarda a cinyarsa, ya ce ba tare da ya ɗago ba, "Dubu uku da ɗari biyar ya ce. Ci gaba da sauka."

Ba irin muryar ranar gwaji ba ce. Murya ce ta mutumin da ya tabbata da abin da ya ji. Nan take shakka ta kama ni. Kunnena da Turancinsu ba su gama sabawa ba, shi kuwa yarensa ne. Ga duwatsu a ƙarƙashinmu ba ma ganinsu. Na ji "to" ta taso min har maƙogwaro. Abin da ya fito daga bakina da ƙarfi shi ne, "Subhanallah!"

Ya ɗago ya ce, "Me ka ce?"

Na ce, "Na ce a'a, ranka ya daɗe. Dubu huɗu da ɗari biyar na ji, shi na maimaita, kuma ba a gyara min ba. Ba zan sauka ba sai na tambaya."

Na danna rediyo na tambaya. Daƙiƙun da mutumin ya ɗauka kafin ya amsa sun fi min tafiyar bas ɗin nan tsawo. Ya ce dubu huɗu da ɗari biyar. Tsohon ya ce "Hm," ya mayar da kai kan takardarsa.

Sauran ya zo da sauƙi. Na kamo allura na biyo ta, muna dab da iyaka gajimare ya yage, sai ga fitilun titin sauka a jere a gabana. Ban taɓa ganin abin da ya yi min kyau kamarsu ba. Na ajiye jirgin a hankali kamar mai ajiye ƙwai.

A ofis ya sa hannu a takarda ya miƙo min, ya ce na ci. Na karɓa da hannu biyu. Na isar masa da saƙon Malam, na ba shi labarin liman da raka'a ta biyar. Ya saurara sosai, ya sa na maimaita masa kalmar har ya iya faɗarta, ya ce zai riƙa ba ɗalibansa wannan misali. Da zan fita na kasa haƙuri na ce, "Kyaftin, ɗazu gwada ni ka yi, ko da gaske haka ka ji?" Ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Na kusa saba'in, ɗana. Sha shayinka." Har yau ban san amsar ba.

Na bar wa Alhaji Yusuf ragowar kuka da daddawa, Anti tana hararar sa. Na sauka Kano cikin tsakiyar damina, na shiga motar Rano daga Unguwa Uku. Mun wuce Kwanar Dawaki ke nan sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Abin share gilashin motar ba ya aiki. Direban, wani dattijo mai jan gemu, ya fito da hannu ta taga yana goge gilashi da tsumma, ƙafarsa kuwa ba ta bar totur ba. Na duba gaba ban ga komai ba sai fari. Na ce, "Baba, don Allah a tsaya ruwan ya tsagaita." Ya ce shekararsa talatin a hanyar nan, ko ido rufe zai kai mu. Na ce to ni a sauke ni a Bunkure.

Motar ta ɗauki surutu. Wani da ya gane ni ya ce, "Kai, ba kai ne matuƙin jirgin Kibiya ba? Kai da ke yawo a sama kake tsoron mota?" Aka yi ta dariya har da matan baya. Na sauka da jakata, na fake a rumfar wani mai gasa masara, na ci biyu masu zafi, ruwa ya ɗauke, na samu wata motar.

Su kuwa Allah ya kai su lafiya lau, kuma sun riga ni isa da labari. Kafin in taka Kibiya gari ya ɗauka cewa Direban Sama ya gudu daga motar haya saboda ruwan sama. Masu tarya ta a tasha suna yi min barka suna ƙunshe dariya. Ba wanda ya tambaye ni takardar da na sha wuya a kanta.

Na shiga gida na durƙusa na gaida Inna. Ita ma labarin ya riga ni zuwa wurinta. Ta dube ni sama da ƙasa, ta ce wa matata, "Da can in ya tashi sama ba na iya cin abinci sai ya sauko. Tunda har ya koyi tsoro, a zubo min tuwo."